Guga: wane kaya ne dole, wanne ne za a ninke a ajiye?

Maman Sadiya, Aboabo

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar wanki da guga, da kuma iyayenmu mata da ke nan. Gida ne mai mutum shida, huɗu yara, uku suna zuwa boko da safe, da yamma su tafi makarantar allo. Kowane mako ana tara yunifom, jallabiyoyin yara, kaftanin maigida, atamfa, hijabai, zannuwan gado, tawul da kayan ciki. In aka ce komai sai an goge, yinin Lahadi ya tafi ke nan. Ga shi gidan haya ne, mita ɗaya muka haɗa da ɗakuna biyar, kuma duk ranar da kuɗin mita ya ƙare da wuri, mai dutsen guga ake fara harara.

Mutane sun rabu biyu a kan maganar nan. Manya suna cewa macen da ta ninke zanin gado ba guga son jiki ne ke damunta, kuma yaron da ya fita da riga a yamutse uwarsa ake zagi. Sa'o'ina kuma suna cewa guga ɓata lokaci ce, a sayi kayan roba a huta. Ni abin da nake so in sani shi ne: wane kaya ne in ba a goge ba akwai illa ta gaske, wanne ne kuma don idon mutane kawai ake yi? Da gaske ne dutsen guga ke cinye kuɗin mita? Sannan a sauran aikin gida, ina ne za a iya yanke hanya ba tare da an cutu ba? Allah Ya saka da alheri.

Baba Mai Guga, Asawase

Wa alaikumus salam. Maman Sadiya, rabin wahalar guga tun a bokitin wanki ake jawo ta. In aka murɗe riga da ƙarfi wajen matsewa, aka jefa ta kan igiya a cukuikuye ta bushe ƙayau, duk layin da murɗar ta yi ya zauna, ba zai fita ba sai an yayyafa ruwa an danna da ƙarfi. Bayan ɗauraya ta ƙarshe kada ki murɗa. Ki dunƙule rigar ki matse tsakanin tafukan hannu, ki kama ta ta kafaɗu ki kaɗa da ƙarfi sau uku ko huɗu har ta yi ƙara, ki sa ta a hanga tun tana ɗiga, ki saka maɓallin wuya da na tsakiya, sannan ki ja kwala da bakin hannu da layin maɓalli su miƙe. Ruwan da ke gangarowa shi zai ja yadin. Wando kuma a haɗa ɗinkin ƙafa da ɗinkin ƙafa a rataye ta bakin ƙafa, ƙugu yana ƙasa. Nauyin ƙugu da aljihu zai fito da kari. Zanin gado a ninka shi biyu tun yana jiƙe, gefe daidai da gefe, in ya bushe mutum biyu su ja shi ta kusurwa, a ninke a sa ƙarƙashin sauran kaya. Kafin kwana biyu ya kwanta.

In kin yi haka, abaya da hijabin roba, jesin ƙwallo, rigunan yara masu talewa, jins, tawul da kayan barci duk sun fita daga lissafi. Fugu, rigar nan ta arewacin Ghana, ma ba ya son dutse: saƙar hannu ce mai kauri, a wanke da ruwan sanyi, a shanya a inuwa mai iska a kan hanga mai faɗi, nauyinsa ya ishe shi. Abin da ya rage miki shi ne auduga zalla da lilin, wato kaftani, shadda, atamfa da rigar yunifom. Waɗannan kam ba dabarar shanya da za ta maye gurbin zafi.

Su ma akwai gajeruwar hanya. A rigar makaranta ido kwala yake fara gani, sai layin maɓalli, sai gaba, sai hannu. Ki fara da kwala ta baya, daga tsinin zuwa tsakiya, don in kika tura yadin zuwa tsini zai tattare ya yi kunne. Baya kuwa shafa ɗaya ta isa, tunda yaro na zama a benci ta koma yadda take. Minti uku riga ta gama.

Abin da ke ƙona kaya shi ne rashin jera su. Yawancin kayan kanti da na gwanjon kasuwar Kejetia ta Kumasi suna da ɗan ƙyalle a wuya ko a gefe mai hoton dutsen guga da ɗigo a ciki. Ɗigo ɗaya zafin digiri 110 ne, na nailan da sauran roba mai laushi. Biyu digiri 150, na poliyesta da ulu da yadin da aka gauraya. Uku digiri 200, na auduga da lilin. In an soke hoton da gicciye, kada dutse ya taɓa shi. Da dutsen lantarki ki fara da masu ɗigo ɗaya, ki riƙa ƙara zafi har ki kai ga auduga, domin dutse yana saurin yin zafi amma yana daɗewa bai huce ba. Wanda ya gama kaftani ya juya maɓallin zafi ƙasa ya ɗora nan take a kan hijabi, shi ne ke ganin rami. Yawancin yadin yunifom gauraye ne, ɗigo biyu ya ishe shi, kuma wando mai duhu ta ciki ake goge shi, in ba haka ba ɗuwawu da bakin aljihu su yi sheƙi.

Auduga da ɗan danshi take guguwa. Ko dai ki sauke ta daga igiya tana da sauran sanyi a hannu, ko ki yayyafa ruwa, ki naɗe, ki sa a leda na rabin awa ruwan ya ratsa ko'ina. Da hunturu wannan dole ne, saboda kaya suna bushewa su sandare. Da damina kuma kada naɗin ya kwana a leda, zai yi fumfuna, ɗige-ɗigen baƙi da ba sa fita da sabulu.

Sitati: cokalin cin abinci ɗaya na garin sitatin rogo a dama da ɗan ruwan sanyi har ba gudaji, a sheƙa masa tafasasshen ruwa lita ɗaya ana juyawa har ya daina fari ya yi garai-garai, a ƙara ruwan sanyi lita biyu, a tace da ƙyalle. Wannan na kaftani da atamfa ne. Mai son shadda ta tsaya da kanta sai ya sa cokali biyu zuwa uku. In ruwan bai tafasa sosai ba sitatin bai dahu ba, zai bar farin gari a kan yadi mai duhu, ya kuma manne wa dutse. A juya kayan ciki waje kafin a tsoma, kuma a haɗa na ranar kawai, don yana tsami. Kayan da za a adana a akwati har wata salla kada a sa musu sitati ko kaɗan, abincin kyankyaso ne.

Shadda ba ta son a fesa mata ruwa ta fuska, ɗigon yana barin tabo a kan sheƙin. Ta baya ake goge ta. Wurin aikin wuya da aljihu a kifa shi kan tawul a danna ta baya, zaren zai taso maimakon ya baje. Shadda mai tsada kuwa, in akwai masu bugu kusa da ke, bugu ya fi mata dutse nesa ba kusa ba. Leshi mai duwatsu da atamfa mai ruwan gwal a sa farin ƙyalle tsakani, zafi kaɗan, domin da gam aka manna duwatsun, gam kuma yana narkewa.

Anti Nas, Old Tafo

Baba, Allah Ya ƙara girma, bayaninka ya gamsar ta fuskar kyan kaya. Amma zan ɗan saɓa maka a kan tawul, kayan barci da rigunan yara, domin kayan da ido ba ya gani su ne suka fi bukatar zafi a wasu gidajen.

'Yar'uwa, akwai wani ƙuda da likitoci ke kira tumbu. Ba ya yin ƙwai a jikin mutum. A ƙasa mai inuwa yake yi, musamman inda fitsari ko kashi ya taɓa, da kuma kan kaya masu danshi da aka shanya a ƙasa, a kan ciyawa ko a inuwa, balle in da sauran warin fitsari ko gumi. Mace ɗaya tana zuba ƙwai 100 zuwa 300, su ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya zuwa uku, ƙananan tsutsotsin kuma suna iya jira fiye da mako ba ci ba sha. Ranar da aka sa kayan, ɗumin jiki ya tashe su, su huda fata su shiga ba tare da an ji ba. Bayan 'yan kwanaki sai a ga kurji kamar maruru mai ɗan rami a tsakiya, yana ƙaiƙayi da suka, wani lokaci yaro ya ce wani abu na motsi a ciki. Tsutsar tana yin kwana 8 zuwa 12 a fata kafin ta fito da kanta. An fi ganinsa a baya, ɗuwawu, cinya da ƙugu, wato inda kaya ke manne wa jiki, kuma an fi samunsa da damina da gidajen da karnuka da ɓeraye ke yawo, don su ne ainihin masaukinsa.

Zafin dutsen guga yana kashe ƙwan da tsutsar. Saboda haka in a tsakar gida ake shanya, a kan katanga, a kan tabarma ko ƙarƙashin bishiya, to kayan jariri, nafkin na ƙyalle, kamfai, singileti, zanin goyo, zanin gado da tawul a bi su da dutse ciki da waje, a ɗan tsaya a kan ɗinki da bakin roba, nan suke ɓuya. Wannan gugar ba ta neman kari ko kyau, shafawa ce kawai da zafi, kwando guda ba zai ci minti ashirin ba. Wanda ke da igiya sama da ƙasa sosai, a fili, rana na dukan kayan har su bushe ƙayau, ko yake shanya a ɗaki mai raga a taga, haɗarinsa kaɗan ne, shi zai iya bin maganar Baba. Kayan gwanjo kuma, ko na waye, a wanke a goge kafin sawar farko.

In kurjin ya riga ya fito kada a tsaga shi da reza ko allura. In tsutsar ta fashe a ciki wurin zai kumbura ya yi ruwa. A toshe ramin da man Vaseline mai kauri, numfashinta zai yanke ta leƙo, sai a danna gefe da gefe a hankali ta fito ɗungurungum, a wanke da sabulu. In jariri ne, ko kurajen suna da yawa, ko kusa da ido ko al'aura, ko da zazzaɓi, a tafi asibiti.

Kan sauran aikin gida: shara sau biyu a rana, goge ƙasa kullum, wanke labule duk wata, waɗannan kowa ya yi daidai ƙarfinsa. Da hunturu ma tsumma mai danshi sau ɗaya ya fi tsintsiya sau uku, tunda tsintsiya tayar da ƙurar take yi ta koma kan kaya. Gidan sauro ba a goge shi, ba a shanya shi a rana, ba a sa masa Parazone, wato ruwan bilic. Sabulu mai laushi da inuwa, kuma ba a yawan wankewa, don maganin jikinsa yana raguwa. Inda ba na son a yi wasa wuri uku ne. Ruwan da ke kwance a tsohuwar taya, gwangwani ko duro marar murfi a zubar ko a rufe duk mako, domin sauro daga ƙwai zuwa mai cizo kwana bakwai zuwa goma ne. Robar ajiye ruwan sha a wanke cikinta, a kuma ware mata moɗa ɗaya; waɗanda suka ga kwalarar 2014 a Accra sun san abin da ruwa da hannu marasa tsafta ke yi a gidan da mutane suka yi yawa. Na uku, kada a taɓa haɗa Parazone da ruwan wanke masai mai asid wai don a gama da wuri. Haɗin yana fitar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi da ƙona ido, kuma banɗakunan gidajen haya ƙanana ne, taga ɗaya ko babu. A yi amfani da ɗaya, a ɗauraye sosai, wata rana a yi da ɗayan.

Mai Gyaran Wuta, Sawaba

Hajiya, bari in amsa ta mita da lissafi, don rigimar nan tana kusan kowane gidan haya. Ki juya dutsenki ki duba ƙarƙashin mariƙi ko gindinsa, an rubuta wat nawa yake ja. Busasshen dutse na gama-gari wat 1,000 zuwa 1,200 ne, mai tururi kuma yakan kai 1,600 zuwa 2,400. Yunit ɗaya a mitar ECG, kamfanin wutarmu, shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Ke nan dutse mai wat 1,200 in ya ja wuta awa guda ba tsayawa ya ci yunit 1.2. Amma ba ya ja ba tsayawa. Ƙaramar fitilar nan da ke kunnawa tana mutuwa ita ke nuna lokacin da yake ja, kuma in ya kai zafinsa kusan rabin lokacin a kashe yake. Mu ce yunit 0.6 a awa. Guga ta awa biyu a mako ta kama wajen yunit 5 a wata.

Yanzu ki kwatanta. Fankar sama mai wat 70 da ke juyawa awa goma kowane dare tana cin yunit 0.7, a wata yunit 21. Tsohon firij mai lalatacciyar robar ƙofa yana iya cin yunit ɗaya ko fiye kowace rana. Hitar dafa ruwan wanka mai wat 1,500, rabin awa kowace safiya, ta wuce yunit 22 a wata. Dalilin da ya sa ake zargin dutse shi ne in an jona shi fitilu suna ɗan dusashewa kuma jar fitilar mita tana ƙiftawa da sauri, kowa ya gani. Fanka da firij a hankali suke ci dare da rana. In ana son adalci a gidan, a rubuta kayan wutar kowane ɗaki, wat sau awoyin aiki, a raba kuɗin a kan haka, ko kowane ɗaki ya sa ƙaramar mitarsa a bayan babbar.

Ana yawan cewa a tara guga a yi sau ɗaya a mako don a rage wuta. Gaskiya ne, amma ragin ba shi da yawa: ɗumama dutse daga sanyi minti biyu ne, wajen yunit ɗaya da ɗan kai a wata in kullum ake yi. Amfanin tarawa na gaske shi ne dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ba zai ritsa ki da safiyar Litinin yara na jiran yunifom ba. Kuma ki zare filogi saura kaya biyu ko uku, ragowar zafin ya ishi hankici da ɗankwali.

Yanke hanyar da ke ƙona gida kuwa a waya take. Wutarmu bolt 230 ce, dutse mai wat 2,200 yana jan kusan amfiya 10. Wayar ekstenshan mai arha da yawa siririya ce, mai kaurin sikwaya milimita 0.5 ko 0.75, wadda ba ta wuce amfiya 3 zuwa 6 ba. Sai ta yi zafi a ƙarƙashin kafet, robar ta narke. Dutse a soket na bango ake jona shi, shi kaɗai, da filogi mai ƙafa uku da fiyus mai amfiya 13. Ƙafa ta ukun nan ita ce ke kai wuta ƙasa in waya ta taɓa ƙarfen dutsen, don haka masu cire filogi su cusa tsirarar waya da tsinken ashana suna wasa da rai ne, musamman mai guga ba takalmi a kan siminti mai danshi. In filogi yana zafi a hannu ko bakin soket ya yi baƙi, akwai sukurun da ya saki, a gyara kafin a sake jonawa. Wayar dutsen a duba inda ta shiga jikinsa, nan take fara karyewa saboda naɗe ta da ake yi tun dutse bai huce ba.

Mafi muni: an ɗauke wuta ana tsakiyar guga, aka bar dutse a kife a kan bargo ko katifa, aka fita. Wuta ta dawo ba kowa. Ki koya wa duk mai guga a gidan cewa in wuta ta tafi, hannu filogi zai fara zuwa kafin baki ya yi tsaki. Ƙaramin janareta da inbata na gida ma ba su ɗaukar dutse, kada a gwada.

Dutsen gawayi yana nan da amfaninsa, kuma nauyinsa ya fi kwantar da sitati. A hura gawayin a kurfoti, wato murhun gawayi, ya zama garwashi tukuna, a zuba kamar kashi biyu cikin uku na cikinsa, a tabbatar maƙullin murfin ya kama, a jira minti biyar, a busa tokar ta ramukan gefe nesa da kaya, a goge gindin da tsumma, a gwada a kan farin ƙyalle. Jerin Baba a nan juyawa yake yi: auduga mai kauri da farko, masu laushi in ya fara hucewa. Hijabin roba kuwa a nisanta shi, tartsatsi ɗaya ya huda shi. A yi a waje ko a baranda, hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa ba tare da an ji warinsa ba.

Hajiya Mma, Akwatia Line

'Yata, masu sana'a sun ba ki ilimi, ni ta mutane zan yi magana. Manyan da kike ji ba don mugunta suke faɗa ba. Sun taso lokacin da mutum ke da kaya kala biyu ko uku, duk auduga, kuma talaka ba shi da abin da zai nuna mutuncinsa da shi sai tsafta da karin guga. Har gobe a Zango ana karanta gida a jikin yaro, kuma ba na goyon bayan masu cewa a bar yaro ya tafi gaban malaminsa da riga kamar an ƙwato ta daga bakin kura. Ranar Juma'a ma ki duba: mu muna shirin masallaci, ma'aikata kuma tun 2004 da gwamnati ta kawo tsarin sa kayan gida ranar Juma'a suna fita da atamfa da fugu. Wannan rana ba ta yanke hanya ba ce.

Amma zanin gadon da ke cikin ɗakinki, in ya bushe a rana yadda nas ta ce, ba wanda ya isa ya kira ki malalaciya a kansa. Inda nake ganin kuskuren ma ba a yawan kayan yake ba, a hannun da ke yi ne. Mutum shida, mai guga ɗaya? A gidajen da muka sani, wanki da gugar kayan maza aikin samari ne, uwa ba ta goge wa ƙato riga. Yaro ɗan shekara bakwai zai iya kaɗa kaya, ya sa a hanga, ya ninke tawul, ya haɗa safa. Ɗan shekara goma sha biyu, mace ko namiji, ya goge yunifom ɗinsa kina kusa, ki fara masa da hankici da rigar filo. Maigida in ba zai riƙe dutse ba, ya kai kaftaninsa da shaddarsa wurin masu guga ya biya, su ma da ita suke ci. Nana A'isha ta ba da labarin cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana hidimar iyalinsa a gida, to ba namijin da aikin gida zai rage wa daraja. Kuma in za ki yi wa yara ɗinkin makarantar allo, ki ce wa mai yadi ya ba ki wanda aka gauraya da poliyesta, a bar auduga zalla ga kayan salla.

Maman Sadiya, Aboabo

Na gode ƙwarai, Allah Ya biya ku. Mma, na ji, za a raba aikin. Baba, saura biyu: gindin dutse ya yi baƙi yana kama kaya, kuma mai tururin yana tofar da ruwa ja a kan farin yadi. Me ake yi?

Baba Mai Guga, Asawase

Baƙin nan ƙonannen sitati ne ko narkakkiyar roba. Kada ki kankare da wuƙa ko soson ƙarfe, in gindin ya karce ya riƙa jan zare ke nan har abada. In na ƙarfe ne zalla, ki barbaɗa gishiri a kan takarda marar rubutu, ki sa zafi sosai ba tururi, ki yi ta gogawa a kai. In mai baƙin shafe ne wanda ba ya kamu, gishiri zai cinye shafen. Ki bari ya yi ɗumi kawai, ki zare filogi, ki goge da tsumman da aka jiƙa da ruwan khal. Narkakkiyar roba kuma tun da zafi ake goge ta a kan tsohon tawul na auduga, in ta huce ta zama jiki ɗaya da ƙarfen. Don kada ya dawo, ki bar sitati ya shiga yadi kafin ki ɗora dutse, kuma rigar da ke da rubutun roba ta ciki ake bin ta.

Jan ruwan kuwa tsatsa ce da dattin ruwan rijiya ko burtsatse da suka taru a tankin. Ki haɗa ruwan khal da ruwa rabi da rabi, ki zuba kamar rabin tanki, ki kunna zafi, ki riƙa danna tururi a kan tsohon tawul har ya ƙare, sannan ki maimaita sau biyu da ruwa zalla. Wasu kamfanoni sun hana khal, in takardar dutsen ta ce haka sai ki tsaya ga ruwa zalla. Ramukan ki share da tsinken auduga. Daga yanzu ruwan sama da aka tace ko tataccen ruwa marar asid da ake sayarwa don batir za ki riƙa zubawa, ki juye ragowar duk lokacin da kika gama tun dutsen da ɗumi, ki ajiye shi a tsaye. Kada ki danna tururi sai fitilar ta mutu, kuma ba a ɗigo ɗaya ba, don zafin bai isa ya mai da ruwa tururi ba, shi ya sa yake tofi. Farin yadin da ya riga ya yi tabon tsatsa kada ki sa masa Parazone, ƙara kama shi zai yi. Ki matsa lemun tsami, ki barbaɗa gishiri, ki shanya a rana awa ɗaya, ki ɗauraye, kuma kada dutse ya hau wurin sai tabon ya fita, haka ma tabon manja da na shito, miyar barkonon nan mai mai.